Maiwada da Waken Fako

Maiwada ɗan gwaggona ne. Mahaifiyarsa, Gwaggo Azumi, ita ke bin mahaifina, saboda haka ni da shi taubasai ne, kuma cikin shekara sittin da ɗoriya da muka yi tare a duniya ban tuna ranar da muka rabu ba tare da wani ya tsokani wani ba. Ya rasu a daminar 2022 a Tudun Kanya, ɗan ƙauyenmu da ke yankin Gubuchi. Manomi ne, yana kuma taɓa fataucin mazarƙwaila in an gama aikin gona. Bai yi sarauta ba, bai je Makka ba, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Abin da ya sa na ɗauki biro a kansa wani wake ne na daji, wanda ya so ya raya, ya kuma ƙare a hannunsa.

Gabas da ƙauyen akwai fako. Lokacin da muke yara faɗinsa ya kai gona biyar ko shida in aka haɗa. Jar marmara ce da tsakuwa. In aka yi ruwa sai ya bi ta kai ya gangara rafi, ko ciyawar kirki ba ta zama, tumaki ma ratsawa kawai suke yi. Amma da an yi shuka da kamar sati uku, sai wani ɗan yaɗo ya ɓullo daga tsagogin marmarar, siriri kamar zaren ɗinki, ganyensa uku-uku, kowanne bai fi farce ba. Furensa shuɗi ne da safe, kafin azahar ya koɗe ya lanƙwashe. Kwansonsa kamar tsinken ashana yake, ƙwayar ciki baƙa ce, ba ta kai ƙwayar dawa ba. Waken fako muke ce masa. Ba wanda ya taɓa shuka shi.

Ba ƙwayar ake ci ba, saiwar ce. Takan kumbura a cikin tsagar dutse ta yi kamar babban yatsa, tana da garɗi da ɗan zaƙi. Gwaggo Azumi takan shanya ta, ta daka, ta zuba a kunun mai jego in nono ya ƙi zuwa. Daga Nasarawan Doya har Malikanchi ana aiko mata a kan haka. Ko saiwar ce ke kawo nonon ko kunun ne kawai, ni ban sani ba. Na dai sha a haihuwata ta fari, yaron kuma ya ƙoshi.

Gwaggo tana da dokokinta, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ba a haƙa sai kwanso ya bushe ya fashe da kansa. In kika tarar da uku, ɗaya za ki ɗauka. Da tsinken ƙarfe ake tono, in an gama a mayar da tsakuwar yadda aka same ta. Matar da ta karya ɗaya daga ciki, badi ba za ta bi Gwaggo ba.

Da mijin Gwaggo ya rasu a 1988 aka zo rabon gado. Maza uku ne: Abdulƙadir babba, sai Maiwada, sai Salman. Cikin ƙasar marigayin akwai kusan kashi ɗaya bisa huɗu na fakon, haɗe da wata 'yar gona mai yashi. Da aka jefa ƙuri'a wannan kason ya faɗa kan Salman, Maiwada kuwa ya samu fadama, inda rake ke yin tsawon mutum biyu. Salman ya fara kumbure-kumbure yana cewa an ba shi dutse ya ci. Maiwada ya ce su yi musanya. Malamin da ke rabon sai da ya tambaye shi sau uku ko ya san abin da yake faɗa.

Da na je sadakar arba'in na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya.

Na ce, "Bawana, an ce ka ba da rake ka karɓi tsakuwa. Miyar me za a yi mata a gidan?"

Ya ce, "Ku 'yan boko da kuka saba cin takarda, me ya dame ki da tsakuwata?"

"Da gaske nake yi."

"Salman sayarwa zai yi kafin shekara ta zagayo. Inna kuma ina za ta dinga zuwa?"

Iyakar dalilin da ya taɓa ba ni ke nan. Gwaggo ta ƙara shekara tara tana zuwa fakon. Da ƙafarta ta gaza sai Zulai, matar Maiwada, ta karɓi tsinken, don ita Gwaggo ta koya wa. Musanyar nan ta ci gidan Maiwada, ba sai an ɓoye ba. Salman ya yi gidan bulo da albarkar rake, Maiwada a ɗakin ƙasa ya mutu. 'Ya'yansa sun san haka, kuma ba su manta ba.

Bayan rasuwar Gwaggo wani abu ya shige shi. Da kaka yakan ɗaure mazarƙwaila a bayan keke, daga baya babur, ya ci kasuwar Makarfi, ya ci ta Ikara, ya ci ta Kudan har Hunƙuyi. Duk inda ya hangi jar ƙasa a gefen hanya sai ya jingine abin hawansa ya shiga yana leƙen tsagogi, ko zai ga busasshen yaɗon. Abokan fataucinsa sun gaji da jiransa, suka daina tafiya tare da shi. Yana yawo da kwanso uku a cikin kwalin ashana, yana nuna wa masu maganin gargajiya da makiyaya. Wani tsohon Bafulatani da ya sha kai shanu kudu da gabas ya jujjuya kwanson a tafin hannu, ya ce ya san shi, amma wuri ɗaya ya taɓa ganinsa.

Maiwada ya yi farat ya ce, "A ina?"

"A wani fako can wajen Gubuchi. Tudun Kanya ake ce wa garin."

Ya fi shekara goma yana wannan nema. Ban ce babu waken a ko'ina cikin duniya ba, don ban zaga duniya ba. Na ce mutumin da ya neme shi da ƙafarsa a ƙananan hukumomi uku bai same shi ba sai a bayan gidansu.

A 2010 aka zo gyaran hanya. Ɗan kwangilar na neman marmara, masu sauran fakon suka sallama masa. Wata biyu katafila na yanka, tifofi na kwasa. Ramin da suka bari yanzu kududdufi ne, har tarwaɗa ake kamawa a ciki. An zo wa Maiwada sau biyu, na biyun har da mai unguwa, shi dai ya ce a yi haƙuri, ba zai sayar ba. Abin da ya rage na waken shi ne nasa, taku saba'in a tsawo, arba'in a faɗi.

Sai kuma ga feshi. Maƙwabtansa sun daina noma ciyawa da hannu, kowa ya goya tanki a baya. In iska ta kaɗo maganin, yaɗon da ke bakin iyaka sai ya ƙone. Matan da suka saba tono a ɗaya ɓangaren su ma duk suka dawo nasa, kuma babu Gwaggo balle a ji tsoron baki. Ya hana kowa tono, har Zulai. Ya fara ƙirga su kamar awaki. A 2012 sun haura ɗari biyu. A 2015 sittin da uku suka fito.

Ranar wata kasuwar Makarfi ya biyo ta gidana, don tun rasuwar maigidana a nan nake zaune. Muka gaisa, na tambayi Zulai da yara da ruwa, na kawo masa fura. Bai sha ba.

Ya ce, "Hindu, abin nan ƙarewa yake yi."

"Wane abu? Haƙoranka?"

"Waken. Sittin da uku bana. Su ma duk a tsamure, wani ko taƙi bai yi ba ya tsaya."

"To me ka gani?"

"Yunwa. Shekara nawa yana cin dutse? Tun kakannin kakanni ana ɗiba, ba wanda ya taɓa kai masa ko ƙoƙo ɗaya na taki. Ko ke aka yi wa haka ai kin tsamure, duk da dai ke ba a rasa inda za a rage."

Na ce masa maganarsa daidai ce. Na ƙara da cewa a sakandare an koya mana kowace shuka abinci iri uku take bukata, har na jero masa sunayensu da Turanci don ya ji haushi. Da zai tafi na sa aka ɗora masa rabin buhun kamfa a bayan babur. Na rubuta wannan don kada a ce shi kaɗai ya yi.

A wurinmu in manomi na son shuka abu uku yake yi mata: ya ba ta taki, ya nome ta, ya yi mata huɗa. Ba mu san wata hanyar ba. Mutumin da ya raya fako ya mayar da shi gona kuwa, ana yabonsa har bayan ransa. Maiwada manomi ne na gaske, kunyarsa miƙe take kamar an ja igiya. Ranin nan gaba ɗaya ya kwashe takin tumakinsa, da tokar murhu, da sharar gida, da jujin bayan gari. Gonar dawarsa ko kwando ɗaya ba ta samu ba. Amalanke arba'in ya kai fakon, ya shimfiɗa har kauri ya kai taƙi, ya jera duwatsu a gangare don kada ruwa ya wanke.

Zulai ta yi magana sau ɗaya. Ita ta ba ni labari daga baya.

Ta ce, "Malam, Inna fa ko toka ba ta taɓa kaiwa wurin nan ba."

Ya ce, "Inna ba ta da amalanke."

"Ta ce ta taɓa dasa shi a bayan ɗaki, inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Ya yi ganye, ya ruɓe."

"Dashe daban. Ni a gidansa na bar shi, abinci kawai na kai masa. Ke tun yaushe kika fara noma?"

A Tudun Kanya mace ba ta koya wa namiji noma. Shekara ashirin Zulai ta yi tana durƙuso a fakon da tsinke a hannu. Shi kullum daga tsaye yake kallonsa.

Daminar 2016 ya kira ni a waya yana ihu kamar ina bayan dutse, ya ce in zo in ga ikon Allah. Na je. Gaskiya na gani. Yaɗon da bai fi zare ba ya yi kaurin igiyar guga, ganye ya yi faɗin tafin hannun jariri, kore shar, ya rufe ƙasa ba ka ganin komai. Mutane na tsayawa daga hanya suna sa albarka. Abdulƙadir, wanda bai taɓa yaba wa ƙanensa a kan fakon ba, ya ce ashe Maiwada ya san abin da yake yi.

Maiwada ya ce mini, "To 'yar boko, a makarantarku an taɓa nuna muku irin wannan?"

Na ce, "Kamfata ce ta yi aiki, ba kashin tumakinka ba."

Muna ta dariya. Zulai na bayanmu, ta sunkuya ta ɗaga yaɗo ɗaya ta duba ƙarƙashi, ta ɗaga wani. Ta ce a hankali, "Ba fure." Maiwada ya ce lokaci ne bai yi ba. Lokaci ya yi ya wuce. Waken ya tafi a ganye, kwanson da aka samu a duk filin bai cika tafi ba, yawancinsa kuma ba ƙwaya a ciki. Ya ce shekarar farko ce, sai ya saba. Da rani ya ƙara amalanke goma.

Shekara ta biyu abin da ke cikin takin ya farka. Zarangaɗe, harƙiya, balasa, duk irin da tumaki suka ci suka kasayar, suka fito tun ruwan farko, sati biyu kafin waken ya motsa. Da ya fito ya tarar an riga shi. Maiwada ya ɗauki fartanya, abin da ba a taɓa shiga wurin da shi ba. Ya yi noman fari, ya yi maimai. Yana kiyayewa iyakar iyawarsa, amma saiwar ba ta san an canza mata gida ba, ta hau sama cikin taushin ƙasa, fartanya ta dinga sare ta. Cikin Agusta aka yi ruwa kwana huɗu a jere. Da can ruwan gangarawa yake yi. Yanzu duwatsun da ya jera suka tare shi, takin ya sha ya riƙe. Ganye ya fara rawaya. Ya tona ɗaya ya ga saiwar ta zama kamar dafaffen dankali, tana wari. Ya ce ruwa ne ya yi yawa, ya yi musu huɗa don ya ɗaga su, wajen huɗar ya ƙarasa waɗanda fartanya ta bari. Goma sha ɗaya suka kai kaka.

Shekara ta uku, 2018, ya jira sati uku bayan shuka, ya jira shida. Babu ko ɗaya.

Cikin watan Agustan shekarar na je suna Tudun Kanya. Da hantsi, kafin a fara rabon tuwo, ya ce in zo mu je. Mu uku muka tafi da Zulai. Ciyawa ta kai ƙirji, irin ciyawar da kowane manomi zai gani ya ce wannan ƙasa ta yi. Ya kutsa ciki yana buɗawa da sanda, ni da Zulai muka tsaya a bakin hanya, inda ya bar wani ɗan wuri a buɗe. Zulai ce ta gani. Ba ta kira shi ba, sai ta taɓa ni ta nuna da haɓa. Ga shi nan a tsagar marmara, siriri, a tsamure, ganye kamar farce, da fure biyu shuɗaye.

Na ce, "Maiwada, fito."

Ya fito ya tsuguna a gabansa. Ya daɗe. Ya dubi jar ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya dubi ciyawar, ya sake duban ƙasar.

Ya ce, "Nan ne kawai ban zuba ba. Wurin juya amalanke ne."



Ya ɗaga kai ya dubi Zulai. "Ki faɗa mana."

"Me zan faɗa, Malam?"

"Abin da kika faɗa."

"Ai ya wuce."

Na ce, "Har da kamfata a ciki."

Ya ce, "Kamfarki rabin buhu ce. Kada ki ɗaukar wa kanki girman da ba naki ba. Amalanke hamsin na kai."

Bai koma wurin sunan ba. Mu muka koma muka ci tuwo.

Wannan guda ɗayan ya yi kwanso bakwai. Maiwada ya kewaye shi da ƙaya daga nesa saboda awaki, ya roƙi maƙwabcinsa ya daina feshi ta wannan gefen, mutumin ya yarda. Da na ji labarin kwanson na kira shi na ce ya cire ko uku ne in sun bushe, ya zuba a kwalba da toka ya rufe.

Ya ce, "Ke kuma? Shawararki ta farko ba ta ishe mu ba?"

"Ajiyar iri ai ba boko ba ce. Kai ma kana yi da dawa."

"Dawa tawa ce. Wannan na taɓa shi sau ɗaya, kin ga abin da ya faru. Inna ta ce a bar shi ya fashe da kansa. Zan bar shi."

Ya bar shi. Kwanson ya fashe, ƙwayar ta tarwatse inda Allah ya kai ta. Dokar Gwaggo ta lokacin da fako ke da faɗin gona shida ce, duk inda ƙwaya ta faɗa tsaga za ta samu. Yanzu taku uku daga gindin baƙar ƙasa ce. Har yau ina ganin a wannan karon da ya sa hannu da ya fi. Na faɗa masa haka, bai ji daɗi ba.

Da rani ya shigo ya ɗauki shebur da baro ya fara kwashe takin. Yana da shekara sittin da huɗu. Ya ce tun da ɗaya ya rayu a inda babu taki, akwai saiwa da ƙwaya kwance a ƙarƙashi suna jiran a ɗauke musu nauyi. Da farko mutane sun ɗauka wata gonar zai kai. Da suka ga a bakin hanya yake jibgewa, suka fara zuwa da nasu amalanken suna tambaya ko yana so. Ya ce su kwasa. Takin da ya hana gonarsa shekara biyu, haka aka dinga raba shi a gonakin mutane, ana yi masa godiya ana dariya in an juya baya.

Muktar, ɗansa na uku, wanda ke zaune da shi a gida, shi ne ya kasa haƙuri.

Ya ce, "Baba, wannan ce gonar kirki ta farko da muka taɓa samu. Kai ka yi ta da hannunka. Yanzu kuma ka mayar da ita dutse?"

"Dama dutse ce."

"Mu fa? Baffa Salman na shan rake, mu tun muna yara ciyawar da ba a ci muke gadi."

"In na mutu ka yi yadda ka ga dama."

"Allah ya ba ka tsawon rai, Baba, amma ba haka ake yi ba."

Muktar bai yi rashin kunya ba, kuma bai yi ƙarya ba. Yana da 'ya'ya bakwai.

Daminar 2019 guda ɗayan nan bai fito ba. Ban san abin da ya kashe shi ba. Wataƙila gafiya ce ta tone saiwar, wataƙila ƙarfinsa ya ƙare a kwanso bakwai ɗin. Ƙwayar da ta tarwatse ita ma ba a ga ko ɗaya ba. Maiwada ya ci gaba. Rani uku ya yi yana kwasa, ya buɗe kamar kashi ɗaya bisa uku na filin. Amma shebur saman kawai yake ɗaukewa. Baƙar ƙasa ta riga ta shige tsagogin, saiwar harƙiya ta bi ta. Sai ya koma bin tsaga ɗaya-ɗaya da tsinken Gwaggo da tsintsiya, a durƙushe. Zulai ta ce a lokacin ne ya fara tambayarta abubuwa: wace tsaga ce ta fi yi, ta wane gefe yaɗon ke fuskanta, Inna me take cewa in an yi fari. Ta gaya masa abin da ta sani. Kowace damina, sati uku bayan shuka, yakan bi filin da rarrafe daga wannan baki zuwa wancan.

Ƙurar marmara ce ta kama masa ƙirji, ko kuwa dama ciwon na nan, likita bai tantance ba. Tun azumin 2022 yake tari. Zuwa Yuli ba ya iya fita ƙofar gida. Na je duba shi wata ranar Asabar bayan azahar, na same shi a kan tabarma a inuwar rumbu, ya rame har kunnuwansa sun yi girma.

Na ce, "Bawana, wa ya ba ka izinin kwanciya damina na tsaka?"

Ya ce, "Na gaji da yi miki bauta ne." Ya yi tari. "Yau sati huɗu da shuka. Idon Zulai ya yi rauni, Muktar kuma ko ya gani ba zai faɗa ba. Ke kina da tabarau. Je ki duba mini."

Na je. Ni ma ba yarinya ba ce, amma na bi wurin da ya share tsaga bayan tsaga, ina dafa sanda, inda ya kama in durƙusa na durƙusa. Na fi awa ɗaya. Akwai harƙiya, akwai wata 'yar ciyawa mai ganye uku da ta yi kama da waken, da na duba da kyau ba shi ba ne.

Da na dawo Zulai ta tare ni a zaure.

Ta ce, "Yaya Hindu, don Allah ki ce kin ga ɗaya. Ɗaya kawai. Ba zai tashi ya je ba."

Na ce mata zan ga yadda za a yi. Na shiga. Yana kallon ƙofa tun kafin in ɗaga labule, ya kuma dubi gwiwoyin zanena da suka yi ja.

Ya ce, "To?"

Na ce, "Babu."

"Kin duba wajen juya amalanke?"

"Nan na fara, nan na ƙare."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Da kin ce kin gani, da na sa an ɗauke ni a baro an kai ni. Da kin sha kunya, da tsufanki."

"Na sani. Shi ya sa."

"Ba a banza aka kai ki makaranta ba." Sannan ya ce wa Zulai ta kawo mini ruwa in wanke hannu.

Bayan kwana tara ya rasu, ranar Litinin da hantsi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Zulai ta yi wata biyu ba ta yi mini magana sosai, daga baya ta sauko.

Da aka raba gado filin ya faɗa hannun Muktar. Ya ɗauko tarakta ta baje sauran takin a kan inda uban ya share, ya ƙara nasa, ya shuka masara. Bara ya aiko mini da ɗanya cikin buhu, kowane goyo kamar damtsen mutum. Na gasa biyu na ci, sauran na raba wa maƙwabta. Masarar ta yi kyau ƙwarai.